Sayen motar hannu: Tarihin da ke kwance a lambar shasi

A ƙasar nan, idan aka ce wane ya yi sabuwar mota, har 'yan uwa da abokan arziki sun je sun sa albarka, galibi abin da ake nufi shi ne motar sabuwa ce a hannunsa. Ita kanta motar ta sha duniya. Wani ya hau ta shekara bakwai ko goma a Amurka ko Kanada ko Jamus, ya gaji da ita ko kuma wata ƙaddara ta faɗa mata, aka loda ta a jirgin ruwa, ta sauka a Legas ko Kwatano, sannan ta iso hannun diloli a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, aka wanke ta, aka shafe tayoyinta har suna ɗaukar ido. A zamanin iyayenmu ba haka abin yake ba. Bayan da kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ma'aikacin gwamnati yakan karɓi rancen mota ya fito da 504 gal a leda. Tun da darajar Naira ta fara zubewa a tsakiyar shekarun 1980 wannan ya zama labari, muka koma ga abin da wasu suka hau suka sauka, muna yi masa laƙabi iri-iri: 'yar Kwatano, Beljiyam, Tokumbo. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a wani rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu kimanin miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka, Najeriya na sahun gaba.

Idan aka cire gida da aure, babu wata hidima da ke cinye dukiyar ma'aikaci kamar mota. Daga tsakiyar 2023, lokacin da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dala ta tashi daga Naira ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara guda, farashin mota ya bi ta a guje. Na san abokan aiki da dama da suka ci bashin ƙungiyar adashin ma'aikata don su sayi Corolla ko Honda mai shekara goma sha biyar a duniya, ana zaftare musu albashi shekara biyu ko uku. Abin mamaki shi ne, mutumin da zai yini a kasuwa yana taɓa ragon layya, yana buɗe masa baki, yana duba ido da kofato, shi ne zai biya miliyoyin Naira a kan mota bayan ya zagaya ta sau biyu, ya buga taya da ƙafa, ya ji sanyin na'urar sanyaya ciki, ya kuma karɓi rantsuwar dillali.

Kakanninmu ba su yarda da cinikin biri a sama ba. Mai sayen doki yakan buɗe bakinsa ya karanta shekarunsa a haƙori, domin haƙori ba ya bin bakin mai sayarwa. A kasuwannin dabbobi irin na Wudil da Maigatari da Potiskum kuwa, aikin dillali bai tsaya ga haɗa ciniki ba. Shi ne ya san mai dabbar, ya san rugarsa, ya tsaya a matsayin shaidar cewa ba ta sata ba ce, kuma idan magana ta taso shi za a fara nema. La'adar da yake karɓa kuɗin wannan amana ce. Mun ɗauko wannan tsari mun dasa a cinikin mota, amma mun manta cewa dillalin da ke tsaye a gabanmu sau da yawa shi ne hannu na biyar ko na shida. Akwai mai motar na asali, da kamfanin inshorar da ya karɓe ta, da kamfanin gwanjon da ya sayar, da wanda ya saya ya loda, da wanda ya fito da ita daga tashar jirgin ruwa, da mai garejin da ya gyara ta a Legas. Ko da dillalin waliyyi ne, iyakar abin da zai rantse a kai shi ne abin da aka gaya masa.

Masana tattalin arziki sun daɗe da gane wannan matsala. A 1970 wani Ba'amurke mai suna George Akerlof ya wallafa maƙala a kan kasuwar motocin hannu, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce. Mai sayarwa ya san lafiyar motarsa, mai saye bai sani ba. Tun da mai saye ba zai iya bambance mai kyau da mai aibi ba, sai ya taya kowace mota da farashin tsaka-tsaki don ya kare kansa. Mai mota tagari ya ga an yi masa tayin wulaƙanci, sai ya janye. Mai rubabbiya kuwa ya ga riba, sai ya matso. A hankali kasuwa ta cika da rubabbu. Wato ɓoye tarihin mota ba mai saye kaɗai yake cuta ba, har da dila mai gaskiya wanda ya sayo lafiyayyar mota da tsada, ya zo ya tarar maƙwabcinsa na sayar da mai kama da ita a kan kashi biyu bisa uku na kuɗinta.

To, mota ma tana da haƙori. Shi ne abin da muke kira lambar shasi, wadda a takardun waje ake rubuta VIN. Tun 1981 Amurka ta wajabta cewa kowace mota ta zo da lamba mai gurbi 17, gaurayen haruffa da alƙaluma, wadda babu wata mota da ke tarayya da ita a ciki. Ana ganin ta ta gilashin gaba, a ƙasa ta ɓangaren direba, da kuma a kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Ba a sa haruffan I da O da Q a ciki, don kada a rikita su da 1 da 0, saboda haka duk takardar da ka ga ɗayansu a lambar shasinta, akwai magana. Gurbin farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan ke nan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, W Jamus, K Koriya ta Kudu. Amma gurbin da ya fi amfani ga mai saye a kasuwarmu shi ne na goma, domin a motocin da aka yi don kasuwar Amurka da Kanada shi ne ke faɗin shekara. Alƙaluma 1 zuwa 9 suna nufin 2001 zuwa 2009. Daga nan A ita ce 2010, B 2011, C 2012, haka har H 2017, a tsallake I, J ta zama 2018. Na tsaya a kan wannan ne saboda sana'ar da ta bunƙasa a garuruwanmu ta sauya wa mota fuska: a ɗauko jif ta 2008, a canza mata fitilu da bamba da ragar gaba, ta fito kamar 'yar 2018. Wanda ya yi wa tasa motar haka don sha'awa bai yi laifi ba. Amma idan aka kawo maka ita da farashin 2018, ƙirga zuwa gurbi na goma. Idan 8 ka gani, fuskar ce kawai ta yi ƙuruciya.

Amfanin lambar bai tsaya nan ba. A Amurka da Kanada kusan duk abin da ya sami mota ana rubuta shi a ƙarƙashin wannan lamba: ranar da aka yi mata rajista, hannu nawa ta canza, abin da maleji ya nuna a duk sanda aka kai ta babban gareji ko gwajin hayaƙi, haɗarin da aka kai wa 'yan sanda ko kamfanin inshora rahotonsa. Kamfanoni irin su Carfax, wanda aka kafa a 1984, da AutoCheck suna tattara waɗannan bayanai su sayar wa duk mai buƙata ta intanet. Rahoton Carfax guda ɗaya Dala arba'in da 'yan kai ne, kusan kuɗin cika tankin motar da ake shirin saye. Akwai ma hanyar da ba ta cin ko kwabo sai ɗan data: ka rubuta lambar a Google. Idan motar ta bi ta gwanjon manyan kamfanonin nan biyu, Copart ko IAA, sau da yawa hotunanta za su fito yadda take a filin gwanjo, kafin hannun mai gyara ya taɓa ta.

Nan ne ya kamata a yi adalci, domin mutane da yawa da zarar sun ji an ce mota ta yi haɗari sai su ɗauka magana ta ƙare. A Amurka, idan kuɗin gyaran mota ya kai wani kaso na darajarta, wanda a jihohi da dama yake wajen kashi 75 cikin 100, kamfanin inshora yakan biya mai ita kuɗinta, ya karɓe ta, a sa wa takardarta tambarin lalatacciya, a kai ta gwanjo. Ladan makanike a can tsada gare shi ƙwarai. Tsohuwar motar da ƙanƙara ta lotsa wa rufi, ko aka daki ƙofofinta biyu, tana iya samun wannan tambari alhali injinta da ƙashin bayanta lafiya lau. Irin wannan idan ta zo hannun masu gyaran bodi na ƙwarai za ta yi wa mutum shekaru tana hidima, kuma ba don irinta ba da yawancinmu ba mu hau mota ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da nake ƙi shi ne a sayar wa mutum rariya da sunan ƙwarya, a kuma karɓi kuɗin ƙwarya. Akwai bambanci tsakanin motar da aka canza wa ƙofa da wadda shasinta ya tanƙware aka ja shi da sarƙa, ko wadda aka yanke gaban wata da bayan wata aka haɗa da walda. Ta farko ciniki ce, sai a rage kuɗi. Ta biyun kuwa, ranar da ta haɗu da tirela a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ƙarfen da aka ƙera don ya shanye dukan ya riga ya shanye nasa tun a Amurka.

Wadda na fi tsoro duk cikinsu ita ce motar ambaliya. Guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey da ta nutsar da birnin Houston a 2017, da Ian da ta daki jihar Florida a 2022, kowaccensu ta bar ɗimbin motoci cikin ruwa, Harvey kaɗai dubban ɗaruruwa. Motar ambaliya ba ta da tabo. Fentinta na asali ne, ƙofofinta na rufuwa daidai, malejinta ma wani lokaci kaɗan ne. Cutar tana cikin wayoyi da ƙwaƙwalwar motar da mahaɗan lantarki da ke ƙarƙashin kujeru, musamman idan ruwan gishiri ne, wanda ke cin ƙarfe a hankali. Sai bayan wata uku ko shida za a fara: yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi mota ta mutu a tsakiyar titi ba dalili, mai ita ya zama ɗan gida a wurin masu gyaran waya. Hanci yakan riga ido gane ta. A rufe gilasai a bar ta a rana na ɗan lokaci, sannan a shiga a shaƙa, kuma turare mai yawa a cikin motar sayarwa shi kansa abin tambaya ne. A ɗaga kafet, a leƙa ramin safaya taya, a duba ƙusoshin da suka riƙe kujeru ko sun yi tsatsa, a jawo bel har ƙarshensa a ga ko akwai zanen da ruwa ya bari. Masu wanki suna wanke abin da ido ke kaiwa, ba kasafai suke tunawa da ƙarshen bel ba.

Sai maganar maleji. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta cewa a can ma, inda laifi ne babba, ana sayar da motoci fiye da 450,000 a kowace shekara da malejin ƙarya. Ina ga motar da ta bar ƙasar, ta shiga inda babu mai tambaya? Mutane na zaton malejin zamani mai rubutun lantarki ba ya taɓuwa, alhali da ƙaramar na'ura ana mayar da shi baya cikin mintoci. Lissafin da zai taimaki mai saye shi ne, matsakaiciyar mota a Amurka tana cin kimanin mil 12,000 a shekara, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Mota mai shekara goma ke nan ana sa ran ta ci wajen kilomita 190,000, kamar zuwa Legas daga Kano da dawowa kusan sau 90. Idan aka nuna maka irinta da mil 55,000, ba lallai ne ƙarya ba, amma sai an kawo shaida. Robar birki da ta suɗe, da sitiyarin da ya yi santsi, da kujerar direba da ta lotsa, duk suna ba da nasu labarin.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna a zauren malamai. Littattafan fiƙihu sun yi bayanin mutumin da zai ɗaure hantsar akuya ko raƙuma, ya ƙi tatsar ta kwana biyu ko uku, don idan ya kai ta kasuwa mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta hana wannan, ta kuma ba mai saye zaɓin mayar da dabbar idan ya gane. Ban ga bambanci tsakanin ɗaure hantsa da mayar da maleji baya ba, sai dai na biyun ya fi tsada. Haka nan hukuncin aibin da aka ɓoye a lokacin ciniki sananne ne a mazhabarmu: mai saye na da haƙƙin mayar da kaya. Da yawa daga masu wannan sana'a suna sahun farko a masallaci, don haka tunatarwar ba ta ɓaci ba.

Kwanakin baya na raka wani abokin aiki wani wurin sayar da motoci, inda ya ga wata Camry da ta kwanta masa a rai. Mai wurin, dattijo mai fara'a, ya ce, "Dokta, wannan ko ƙwarzane babu. Wata tsohuwa ce ke zuwa coci da ita a can." Muka nemi izinin ɗaukar lambar, ya ce bismillah. Muna tsaye a wurin hotunan suka fito a waya: ga motar a filin gwanjo, gabanta a murƙushe har gilashi, jakunkunan iskar gaba duk biyu a fashe suna reto, malejin da aka rubuta a takardar gwanjon kuwa ya kusa ninka wanda ke jikinta yanzu. Na miƙa masa wayar na ce, "Alhaji, duba nan." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi Dokta, haka aka kawo mini ita daga Legas." Na kuma yarda da shi, domin yadda fuskarsa ta sauya ya nuna shi ma a lokacin ya san abin da ya saya.

Jakunkunan iskar nan sun cancanci a tsaya a kansu. Sabuwar jaka tana da tsada, don haka wasu masu gyara sukan rufe gurbin da murfi kawai, ciki wayam, sannan su yi wa wayar dabara ko su cire ƙwan da ke gargaɗi a gaban direba. Gwajin farko mai sauƙi ne: idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska za ta kama tare da sauran, ta ɗauke bayan 'yan daƙiƙoƙi. Idan ta ƙi ɗaukewa akwai matsala, idan kuma ba ta kama ba sam, to an rufe mata baki. Akwai kuma wata masifar ta daban. Kamfanin Takata na Japan ya yi shekaru yana ƙera jakunkunan iska da wani sinadari, irin wanda ake takin zamani da shi, wanda zafi da laima ke lalatawa, ta yadda idan jakar ta tashi buɗewa sai gwangwaninta ya tarwatse ya watsa wa direba ƙarafa a fuska da wuya. An yi kiranyen irin waɗannan jakunkuna kimanin miliyan 67 a Amurka, mutum fiye da 20 sun mutu a can kaɗai, kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. Daga cikin motocin da aka gargaɗi masu su da su daina hawa har sai an canza jakar akwai Honda Accord da Civic na farkon shekarun 2000, da Toyota Corolla ta 2003 da 2004. Mai karatu ya leƙa titin garinsu ya ƙirga. Motar da aka fitar daga Amurka kafin a gyara ta, wasiƙar kiranye ba za ta biyo ta Gusau ba, ga kuma zafinmu. Shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka yana nuna wa kowa, kyauta, ko akwai kiranyen da ba a cika ba a kan lambar shasin da ya shigar.

Duk abin da na lissafa zuwa yanzu asarar kuɗi ce ko barazana ga lafiya. Motar sata kuwa tana haɗawa da mutunci. A 2022 an sace motoci fiye da 105,000 a Kanada, abin da ya kai gwamnatin ƙasar ga kiran taron ƙasa a kan matsalar a Fabrairun 2024. Da yawa ana cusa su a kwantena a tashar Montreal, kuma an gano wasunsu a Ghana da Najeriya. A 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato aka shigo da su ƙasar nan. Wanda aka samu da irin wannan mota, ko da da zuciya ɗaya ya saya, zai rasa ta, domin ɓarawo ba ya mallaka wa wani abin da shi kansa bai mallaka ba. Idan kuma aka ga alamar ya sani ko ya kamata ya yi zargi, karɓar kayan sata laifi ne a dokar Final Kod. Hukumar da kamfanonin inshorar Amurka suka kafa don yaƙi da zamba tana da shafin duba lambar shasi kyauta, 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol kuma suna da rumbun motocin da aka sace. Sai dai ɓarayi ma sun san da haka, shi ya sa sukan ɗauko lambar wata lafiyayyar mota su manna wa ta sata. Maganin wannan shi ne a gwada lambar gilashi da ta ƙofa da wadda aka buga a jikin ƙarfe da ta takardu, sannan makanike ya jona na'urar bincike ya karanto wadda ke cikin ƙwaƙwalwar motar. Jif mai shekara biyu da aka yi wa farashin mai shekara takwas, ita kanta arahar gargaɗi ce.

Takardun kwastan ma haka. Daga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, amma motoci ba su daina bin daji ba, kuma takardun fito na jabu sun zama sana'a. Mutane nawa aka sauke da iyalinsu a kan hanya saboda takardar da suka yi shekara suna ajiye da ita a matsayin ta gaskiya? Ana iya zuwa ofishin kwastan da lambar takardar fiton da shekararta da sunan tashar da aka fito da motar a tantance, kuma kafin biya ake yin haka.

Inda rahoton waje yake ƙarewa shi ne bakin teku. Daga ranar da mota ta taka ƙasar nan alƙalami ya bushe, ko da za ta yi shekara goma tana yawo. Kuma tsadar Dala ta tura yawancin masu saye zuwa motocin da aka riga aka hau a gida, waɗanda ke da tarihi biyu, ɗaya a rubuce ɗaya a baki. Kowace ka taya za a ce ta wata Hajiya ce da ba ta wuce kasuwa da gidan biki, alhali wata ta yi shekara uku tana jigilar fasinja tsakanin Kano da Abuja. Mu ma muna da namu ambaliyar. Ruwan da ya mamaye Lakwaja a 2012 da 2022, da wanda ya shanye Maiduguri a Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, sun nutsar da motoci masu yawa, kuma babu wani tambari da aka buga wa takardar ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ake iya tantancewa a gida bai wuce kaɗan ba: shafin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa yana nuna irin motar da aka yi wa rajista da lambar da ke jikinta, rumbun bayanan kamfanonin inshora yana nuna ko inshorarta ta gaskiya ce, 'yan sanda kuma suna da rajistar motoci inda ake kai rahoton sata. Sauran aikin na makanike ne, kuma makaniken da kai ka ɗauko ka biya, ba wanda ke zaune a inuwar mai sayarwa ba. Ya zo da safe ya tayar da injin da sanyinsa, domin injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye hayaƙi da ƙara. Ya shiga ƙarƙashinta ya ga ko an yanke tukunyar tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, wadda ake sacewa saboda ma'adinai masu tsada da ke cikinta. Ya bi jikinta da mayen ƙarfe, inda ya ƙi kamawa an cike lotsawa ne aka bi da fenti. Ya karanta alƙaluma huɗun da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Idan an daidaita, a rubuta. Takardar ciniki ta ƙunshi lambar shasi da ta inji da abin da maleji ya nuna a ranar, da furucin mai sayarwa cewa motar ba ta shiga ruwa ba, ba ta sata ba ce, babu bashin kowa a kanta, da shaidu biyu, da hoton katin shaidarsa. Kuɗi su bi ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takardu. Malaman Malikiyya sun halatta ciniki bisa sharaɗin zaɓi, har suka ƙayyade kimanin kwana uku ga dabba don mai saye ya gwada ta. Ban ga abin da zai hana mai sayen mota neman irin wannan sharaɗi ba, ko da da ajiye wani kaso na kuɗin a hannun amintacce ne. Kunyar tambaya ita ce ke cin mutanenmu a nan, musamman idan mai sayarwa ɗan uwa ne ko abokin wani babba. Dilan da ya hana ka ɗaukar lambar shasi, ko ya ɓata rai don ka zo da makanike, ya riga ya ba ka rahoton da kake nema.

Akwai abin da hukuma za ta iya yi ba tare da kashe wasu kuɗi masu yawa ba. A Ingila, duk gwajin lafiyar mota na shekara-shekara ana rubuta malejinta, kuma kowa na iya ganin jerin a shafin gwamnati kyauta da lambar motar kawai. Ita kuwa Beljiyam, wadda muka ara sunanta muka sa wa motocin hannu, tun 2006 take aiki da wata takarda mai suna Car-Pass. Duk garejin da ya taɓa mota sai ya aika da malejinta zuwa rumbu guda, kuma wanda zai sayar wa mutum motar hannu dole ya miƙa masa wannan takarda, in ba haka ba mai saye na iya neman a warware cinikin. Ofisoshin lasisin jihohinmu suna sabunta takardun mota kowace shekara, sau da yawa ba tare da kowa ya leƙa motar ba. Da za a wajabta ganin ta, a ƙara layi ɗaya a fom don maleji, a ajiye shi ƙarƙashin lambar shasi, cikin shekara biyar kowace mota a jihar za ta sami tarihin da za a iya karantawa. Kafin gwamnati ta motsa, ƙungiyoyin dilolin mota na Kano da Kaduna za su iya farawa da kansu: kowace motar da ta shigo daga waje a buga rahotonta da hotunan gwanjonta, a manna a gilashin gaba kusa da farashi.